Jinyar Murjanin Yaya Sanda

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da ya yi ruwan daɗi ya shimfiɗa mana a gulbi, ya yi na zartsi ya kai shi nesa da mu, ya kuma zuba wa kowanne halittar da ta dace da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wannan bayanin wata jinya ce da na yi ta mako tara a gidana na Badariya a Birnin Kebbi, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Da ajami na fara rubuta shi a takardun da nake ajiyewa cikin gafaka. Na juyo shi boko ne don wanda za a bar wa irin amanar da aka bar mini ya san inda na yi kuskure. Majinyacin ba mutum ba ne. Murjani ne, mai rai.

Ni a da na san murjani a wuyan mata kawai, sai kuma sunansa da muka tarar a karatu. Ban san halitta ce mai ci da motsi ba sai da wana, Yaya Sanda, ya dawo daga Jidda. Ya daɗe can ƙwarai yana aiki wurin wani mai haɗa wa attajirai akwatunan gilashi na kifin teku. Mutane kan dawo da darduma da rediyo, shi kuwa ya dawo da akwatin gilashi mai tsawon kamu biyu, da buhunan gishirin teku, da wata kula mai murjanin a ciki da ya rungume a cinya tun daga jirgi har Birnin Kebbi. Gidansa bai ƙare ginuwa ba, sai na sauke shi da matarsa Hajiya Saratu a sashen gaba na gidana.

A cikin akwatin akwai duwatsu da ƴan kifi biyu, amma abin da Yaya ya ɗauke wa rai shi ne wani dunƙule kamar curin fura babba, wato murjanin. Idan yana cikin lafiya, sai ka ga ya fito da ɗaruruwan wuyoyi sirara, kowanne da ɗan fure a kai kamar furen bado, suna lilo duk inda ruwa ya kaɗa su. Yaya ya ce irin wannan shi ne mafi wuyar riƙo, ubangidansa ma ba ya kai shekara da shi, amma nasa ya shekara huɗu. Allah bai ba Yaya haihuwa ba. Ba zan ce murjanin ya zame masa ɗa ba, sai dai kullum idan ya dawo sallar asuba a gabansa yake zama da tasbaharsa har hantsi.

Farkon bazara, bayan azahar, Yaya ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar zaure. Muka kai shi asibiti, likita ya ce jini ne ya hau, ya shanye masa ɓarin dama, ya kama harshe. Wani ɗan siririn gilashi ya fashe a aljihunsa lokacin faɗuwar. Na share shi na zubar, ina zaton ma'aunin zazzaɓi ne. Ashe ma'aunin gishirin ruwa ne, kuma babu wani a garin.

Bayan kwana shida aka sallame shi, dangi suka ce a kai shi gidanmu na Argungu inda akwai mai tausa da suka yarda da shi. Ana ɗora shi a mota ya kama hannuna da hagunsa, ya sake, ya ɗaga yatsunsa biyar yana kaɗa su a hankali kamar lilon murjani. Na gane nufinsa.

Na ce, "Na ɗauka, Yaya. Amana ce."

Na faɗi haka ba tare da wata fargaba ba, domin ina da takarda. Ɗabi'ata ce in na ji abu mai amfani in rubuta, kuma tun zuwansa na rubuta abu huɗu daga bakinsa. Na farko, ruwa ya tsaya kullum a kan zanen fenti da ya ja a jikin gilashin. Na biyu, jarka ɗaya ta ruwan sama gwangwanin madara huɗu na gishiri take ci. Na uku, injin da ke kaɗa ruwa kada ya tsaya, fitila kuwa daga hantsi zuwa magariba. Na huɗu, kada hannu mai sabulu ko turare ya shiga. Duk gaskiya ne. Ni ne da kaina na ɗaure na farko da na biyu wuri ɗaya, ba shi ya ce in ɗaure ba.

Makon farko lafiya lau. Kowace safiya sai in tarar ruwa ya sauka daga zanen kamar faɗin yatsa, sai in auna gishiri, in dama a jarka, in cike. Murjani yana lilo, ni ma ina jin daɗin kaina.

Mako na biyu zafi ya tsananta, irin wanda tabarma ke ƙona baya. Na lura wuyoyin sun gajarce. Na ce zafi ne. Na jiƙa buhunan algarara na rufe gefen akwatin, na saita fanka tana hura saman ruwan. Ruwa ya yi sanyi kuwa, amma sai ya koma sauka faɗin yatsa biyu a yini, ni kuma ina cikewa da ruwan gishiri ninkin na da. Ranar Juma'a na tafi Argungu, domin na mai da ita ranar dubiya. Ina shiga Yaya ya ɗaga yatsu yana kaɗawa, idonsa a kaina.

Na ce, "Yana nan. Zafi ya ɗan rage masa walwala."

Ya gyaɗa kai. Ban yi ƙarya ba a ranar, gwargwadon sanina.

Mako na uku murjani ya shige gidansa, sai bakin furannin kake gani. Wani farin ɓawo ya taru a gefen gilashi, na ɗauka alamar kirki ce. Na ɗebi ruwan a kwalba, na hau kabu-kabu zuwa asibitin dabbobi. Tun hantsi nake layi, gabana wani Bafillace da maraƙi mai zawo, bayana mace da akuya mai ƙurji. Da aka zo kaina likitan ya dubi bayana ya ce, "Malam, ina dabbar?"

Na ajiye kwalba a tebur, na yi masa bayani tun daga Jidda. Ya yi dariya har ya share ido, sannan ya ba ni haƙuri, ya ce shi shanu da awaki ya karanta. Ya rubuta mini ƴar takarda zuwa ga wani ma'aikacin kula da kifi a Argungu. Ina gode masa da takardar. Ina kuma kukan cewa kwalbar ta wuce ta hannun mutum biyu masu ilimi, shi da wanda ya tura ni wurinsa, babu wanda ya ɗanɗana.

Ma'aikacin kifin na same shi bayan zuwa biyu, dattijo ne mai natsuwa. Ya ce bai taɓa riƙe murjani ba, ba zai ruɗe ni ba. Amma ya faɗi wata magana da ta zauna mini: "Malam, halittun ruwa ba ciwo ya fi kashe su ba, canji ne na farat ɗaya. Ko gyara za ka yi, kada ka yi shi yini guda." Na rubuta ta a ƙasan takardata ban san ranar amfaninta ba.

Mako na huɗu shi ne mafi muni. Wata kumfa ruwan ƙasa mai yauƙi ta fito a gefe ɗaya na murjanin, inda ta kwanta kuwa naman ya saɓule, sai farin dutse mai ramuka. Ɗakin ya soma wari kamar bakin gulbi in ruwa ya janye. Labari ya kai dangi, shawara ta yi ta zuwa. Wata gwaggo ta aiko a jefa kanwa. Wani maƙwabci ya ce tunda ni malami ne in wanke allo in zuba. Na ce addu'a ina yi a kai safe da yamma, amma tawada da ƙaro ba za su shiga ruwan da aka hana wa sabulu ba.

Sai ga Manu, taubashina, masunci ne a Gulma, ya zo da jarka ɗaure a bayan keke. Ya leƙa akwatin ya riƙe baki.

Ya ce, "Wanga na abin da kaka wa jinya? Kai Malam, mu da munka tashi cikin ruwa ba mu taɓa ganin an yi wa dutsi hwanka ba. Ni ko da zazzaɓi ya kashe ni rabi, ba ka hura min ko mahuci ba."

Na ce, "Kai ai gulbi ya san ka, ba ka mutuwa da sauƙi. Me ka zo da shi?"

"Ruwan gulbinmu na, na ɗebo daga tsakiya. Kihi in ya yi laushi ruwan gida aka ba shi. Kwashe wanga ruwa mai ɗaci ka juye mai wanga, gobe ka ishe shi shina rawa."

Na ce wannan ba ɗan gulbi ba ne. Ya ce to in ba ni so in bari ya sa tarwaɗa guda a ciki, in ta rayu ruwan na da kyau, in ta mutu mu yi miya. Muka yi dariya, na karɓi jarkar na ba shuke-shuken gida. Na hana shi ne da gaskiyata, amma yau na san Manu ya fi ni kusa da maganin, ko da yake da ya juye kamar yadda ya so da ya ƙarasa shi nan take.

Juma'ar wannan makon ban je Argungu ba. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyar rubutawa. Na san Yaya zai ɗaga yatsu, na san ba zan iya yi masa ƙarya ba, kuma na ji tsoron gaskiyar ta ƙara kwantar da shi. Na zauna gida na ce wa kaina aiki ya riƙe ni. Ranar Lahadi Hajiya Saratu ta aiko da saƙo ta bakin direban motar Argungu: tun Juma'a yana kallon ƙofa, da bai gan ni ba ya juya fuska bango, kunu ma sai da lallashi, mai tausa kuma ya zo sau biyu Yaya ya ƙi ba shi hannu.

Litinin da safe ina tsugune ina auna gishiri sai matata Kulu ta shigo da buhunan da ta jiƙa. Ba ta cika shiga sashen ba, ni kuma ban taɓa sa ta cikin maganar murjani ba, ina ganin abu ne na takarda. Ta tsaya tana kallon buhun gishirin.

Ta ce, "Malam, gishirin ga ba shi na Yaya yac ce zai kai mai watanni ba? Ga shi har ya kusa rabi."

Na ce, "Zafi ne. Ruwa na sauka kullum, dole in cike."

"Da mi kaka cikewa?"

"Da abin da ke rubuce. Gwangwani huɗu a jarka."

Ta ajiye buhunan a hankali. Ta ce, "Malam, in tambaye ka. Miya in ta tsotse bisa wuta, gishiri aka ƙara mata ko ruwa?"

Na ajiye gwangwanin da ke hannuna.

Ta ce, "Abin da ka tashi sama ruwa na. Gishiri ba ya bin tururi, nan shika zama cikin tukunya. Kuma butar da Yaya ka zubawa kullum da sahe ni ka cika mai ita, daga randar ruwan sama. Zalla na, ba komi ciki. Wancan damun na jarka sai wata-wata shika yi, in zai kwashe tsohon ruwa ya sa sabo."

Na ce, "Kulu, me ya hana ki faɗa mini tun tuni?"

Ta ce, "Ka tambayi likitan awaki, ka tambayi na kihi. Ni ka tambaye ni?"

Ta ɗauko kofi biyu. Ɗaya ta cika da damun da na gama yanzu, ɗaya ta ɗebo daga akwatin, ta ce in taɓa a harshe. Na farko gishiri ne. Na biyu har ya kama mini maƙogwaro. Kusan wata guda ina zuba wa amanar wana gishiri a kan gishiri da hannuna, da bisimilla, ina kuma ƙara masa fanka don ruwan ya yi saurin tashi.

Na miƙe zan kinkimo randar gaba ɗaya in juye, sai maganar dattijon nan ta faɗo mini. Na ajiye. Na kashe fankar, na sa hula, na nufi tasha.

Na tarar da Yaya fuskarsa a bango. Na yi sallama, ya juyo, bai ɗaga yatsu ba. Na zauna a bakin gado na faɗa masa komai, tun daga gwangwani huɗu har kumfar da farin dutsen, har dalilin rashin zuwana. Na ce, "Laifina ne, Yaya. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Saura yana da rai, kuma yanzu na san ciwon."

Ya rufe ido. Hajiya Saratu ta kalle ni kallon wanda ya zo da mugun labari ɗakin mara lafiya. Can ya buɗe, ya nuna moɗar da ke gefensa. Aka miƙa masa. Da hagunsa ya karkata ta, ruwa ya ɗiga ƙasa, ya tsayar, ya sake ɗigawa, ya tsayar. Bakinsa ya yi ta kokawa, sannan wata kalma ta fito, ta farko da aka ji sosai tun faɗuwarsa.

"Ka...ɗan."

Na ce, "Kaɗan-kaɗan. Na ji."

Hajiya Saratu ta fita tana share hawaye, ta dawo da kunu. Ya sha rabin kwano ina zaune.

Daga ranar muka ɗaura jinyar a kan lokutan salla don kada a manta. Bayan kowace salla in kwashe moɗa ɗaya daga akwatin, in mayar da moɗa ɗaya ta ruwan sama zalla. Cikon safe ma ya koma zalla. Kulu ta zama ma'auninmu: kowace la'asar a kawo mata kofi biyu, na damun jarka da na akwati, ta taɓa, ta tofar, ta ce, "Da saura." Na sayo robar ƙarin ruwa a kantin magani, da ita nake zuƙe kumfar nan a hankali kada ta watsu. Zafi kuwa muka koma yaƙarsa da ƙanƙara ɗaure a leda, ana jefawa da rana tsaka. Ƙanƙarar ta ci mini aljihu a bazarar nan, ban kuwa yi da-na-sani ba.

A mako na shida wuta ta ɗauke yini biyu, janareta kuma ya ƙi tashi. Muka wanke sabon ludayi da ruwa zalla, ni da Kulu muna karɓa-karɓa muna kaɗa ruwan daga hantsi har aka samo mai gyara. Ta ce ita dai tunda aka aure ta ba ta taɓa dama abin da ba za a sha ba sai wannan. Randar ruwan sama ma ta kusa ƙarewa, har na fara tunanin inda zan nufa, sai Allah ya kawo ruwan farko. Muka bar na farkon ya wanke rufi, muka tara na bayansa, muka tace.

Kwana goma sha ɗaya muna kwashe moɗa muna mayarwa, ranar na sha biyu Kulu ta taɓa kofi ɗaya, ta taɓa ɗayan, ta sake komawa, ta ce, "Ɗai na." Kumfar ta daina fitowa. Amma murjani bai buɗe ba. Mako na bakwai ya wuce ina dubawa kamar mai duban wata. Ban karaya ba, domin naman da ya rage bai ƙara ja da baya ko ƙwayar gero ba, na auna da zare. Kowace Juma'a ina zuwa Argungu in faɗi abin da na gani daidai, ba ƙari ba ragi. Yaya kuwa ya koma ba mai tausa hannu, har ya fara dafa bango.

Ranar Talata ta mako na takwas, da hantsi, na kunna fitila na juya zan fita, sai na ga wuya guda ya fito, gajere, furensa a buɗe. Na ƙirga bakwai kafin azahar. Na yi sujada a kan simintin nan mai ɗanɗanon gishiri.

Ƙarshen mako na tara aka dawo da Yaya, Manu na cikin masu rakiya. Ya riga su shigowa, ya dubi akwatin. Kashi biyu na lilo, kashi ɗaya fari fat. Ya ce, "Malam, maza juya dutsin, mataccen wurin ya dubi bango. Mi na amhwanin ya gani?"

Na ce, "Na riga na faɗa masa. Ba zan ɓoye abin da na faɗa ba."

Yaya ya shigo da sanda, yana jan ƙafar dama. Aka zaunar da shi a kujerarsa ta da. Ya dubi gefen mai rai, ya dubi farin gefen, ya daɗe a kansa. Manu ya miƙa hannu zai juya, Yaya ya buge hannun da sanda. Ya ce, "Bar shi."

Sannan ya tsoma yatsa a ruwan ya kai baki. Ya ɗaga gira, ya kalle ni. Na nuna Kulu da ke tsaye a bakin ƙofa. Ya laluba gefen kujera ya ɗauko butarsa ta ciko, ni ina miƙa hannu, ya wuce ni ya miƙa mata. Manu ya yi dariya har ya zauna ƙasa, ya ce, "Malam, an sauke ka. Koma ga hwanka."

Farin gefen bai dawo ba har yau, hannun daman Yaya ma bai dawo duka ba, amma yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana kuma zama gaban akwatin har hantsi. Wanda aka bar wa irin wannan amana, ya riƙe takarda, amma ya tambayi duk wanda ya taɓa ganin mai abin yana aikinsa, ya fara da na cikin gida. Ya kuma je dubiya ko da labarin da ke bakinsa ba mai daɗi ba ne.

A ranar da ya dawo, kafin a watse, Yaya ya nuna gafakata. Na fito da takardar nan mai abu huɗu. Ya ɗaga yatsu biyar, wannan karon ba ya kaɗa su. Na jiƙa alƙalami na rubuta na biyar: abin da ya tashi sama ruwa ne, da ruwa zalla ake mayar da shi. A wurinmu ba a rubuta ilimi a bar wanda aka karɓo daga gare shi, don haka a ƙarƙashinsa na sa: na ji wannan daga Kulu. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ba da lafiya ga wanda ke tudu da wanda ke ruwa.